Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministocin Ilimi Kan Ƙarancin Makwancin Ɗaliban Jami'a

Masu girma ministocin ilimi, da shugabannin hukumomin da ke kula da jami'o'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na malamin jami'a da ya daɗe a aji, wanda kuma aka taɓa ɗora wa nauyin kula da ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai na wasu shekaru. Na zaɓi in rubuta ta a fili saboda maganar da ke cikinta ta shafi iyaye da ɗalibai da malamai baki ɗaya, kuma na lura cewa duk lokacin da aka tayar da ita a ɗakin taro, sai a karkata zuwa batun kuɗin makaranta ko albashi, a bar ta a ƙarshen ajanda har lokaci ya ƙure. Ranku ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ina roƙon ku karanta abin da zan faɗa da wannan fahimtar.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A makon farko na wani zangon karatu, na iso ofis da sassafe na tarar da wani dattijo zaune a kan benci, 'yarsa na tsaye a gefensa riƙe da takardar shaidar samun gurbin karatu da rasidin biyan kuɗi, akwatinta da katifarta a naɗe suna jingine da bango. Sun yi tafiyar yini guda kafin su iso. Yarinyar ta yi duk abin da aka ce ta yi, amma ranar da aka buɗe shafin neman gado a intanet, kafin shafin ya gama buɗewa a wayarta gurabe sun ƙare. Dattijon bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce tun da makaranta ta san ba ta da wurin da za ta kwantar da yarinyar, me ya sa ta kira ta? Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni ba ni na ƙayyade yawan waɗanda za a ɗauka ba, kuma wanda ya ƙayyade bai taɓa tambayata gado nawa nake da shi ba. A daren wannan rana na zagaya ɗakuna kamar yadda aikina ya tanada, na shiga wani ɗaki da aka gina domin mutum huɗu, na ƙirga katifa goma sha ɗaya, wasu a shimfiɗe a tsakanin gadaje, wasu a jingine ana jiran dare ya yi nisa a shimfiɗa su a baranda. Bisa doka ya kamata in kori bakwai daga cikinsu, waɗanda ɗalibai ke kira sikwata, wato masu raɓewa a ɗakin da ba nasu ba. Ban kore su ba, kuma har yau ban yi nadama ba, domin na san inda za su kwana idan na kore su: a kan bencin ɗakin lacca.

Wannan tambaya ta dattijon ita ce gundarin wasiƙata. Ƙarancin makwancin ɗalibai abu ne da manufofin gwamnati da kansu suke haifarwa, saboda yawan ɗaliban da za a ɗauka akwai ofishin da ke yanke shi kowace shekara, da tambari da sa hannu, amma yawan gadajen da za su kwanta a kai babu ofishin da aka ɗora wa alhakinsa. Idan tawagar tantance kwasa-kwasai ta zo jami'a, tana ƙirga malamai da digirorinsu, tana duba ɗakin gwaje-gwaje da littattafan laburare, ta auna faɗin aji, sannan ta amince da adadin ɗaliban da sashe zai iya ɗauka. A iya abin da na shaida, ban taɓa ganin an rage wa jami'a adadi ko an jinkirta mata buɗe sabon sashe don ta kasa nuna inda ɗaliban za su kwana ba. Ita kuwa jami'a, da yake kuɗin da gwamnati ke ba ta ba ya isarta, kowane ƙarin ɗalibi ƙarin kuɗin shiga ne a wurinta, alhali kowane ƙarin gado ɗawainiya ce ta ruwa da wuta da gyara da tsaro. Duk shugaban jami'ar da aka ajiye wa wannan lissafi a gaba, an riga an nuna masa hanyar da zai bi.

Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kimanin miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 230 a 2020. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, kuma gwamnatoci ne suka jagorance shi da gangan. Sai dai gine-ginen kwana ba su bi sawun wannan ƙaruwa ba. A Najeriya, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2012 domin tantance buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa gadajen da ake da su ba su wuce na kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ba, kuma tun daga lokacin an buɗe sababbin jami'o'i da dama, an kuma faɗaɗa tsofaffin. A Afirka ta Kudu, kwamitin da ministan ilimi mai zurfi ya kafa ya fitar da rahoto a kan halin da ake ciki a farkon shekarun 2010, inda ya nuna cewa gadajen jami'o'in gwamnati sun ɗan haura dubu 100 ne kawai, wato abin da zai ishi kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar na masu zuwa aji. Kada kuma a ɗauka matsalar ta ƙasashe masu tasowa ce kaɗai. A 2022 Jami'ar Glasgo da ke Birtaniya ta shawarci ɗaliban da ba su sami masauki ba da kada su taho garin, a wannan shekarar kuma Jami'ar Amstadam da ke Holan ta faɗa wa ɗalibai 'yan ƙasashen waje irin wannan magana. A 2021 ɗalibai a Turkiyya sun kwana a wuraren shaƙatawa na birane domin nuna cewa ba su da matsuguni, a 2023 kuma takwarorinsu na Italiya suka kafa tantuna a ƙofar jami'o'i, aka fara daga birnin Milan. Idan jami'a ta ba ka gurbi da hannun dama, sannan ta rubuto maka da hannun hagu cewa ka zauna a gida, ai ta amsa da bakinta cewa gurbin da ta bayar bai cika ba.

Amsar da gwamnatoci suka fi bayarwa a 'yan shekarun nan ita ce gina ɗakin kwana ba aikin gwamnati ba ne, a bar wa 'yan kasuwa. Tsarin da aka fi yayatawa shi ne jami'a ta ba da fili, ɗan kasuwa ya gina da kuɗinsa, ya karɓi haya na shekara ashirin ko talatin, sannan ya miƙa ginin ga jami'a. A kan takarda babu abin da ya fi wannan kyau, kuma ni ba na cikin masu ƙyamar jarin 'yan kasuwa a harkar ilimi. Amma ina roƙon ku zauna ku yi lissafin da shi ɗan kasuwan yake yi. Kuɗin ginin daga banki zai ranto su, kuma a ƙasashen da kuɗin ruwa ya haura kashi ashirin cikin ɗari, banki ba ya ba da rancen da zai wuce 'yan shekaru kaɗan, alhali ginin kwana sai ya yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya mayar da abin da aka kashe masa. Ɗalibi kuma wata tara ko goma yake zama a shekara, idan aka tafi yajin aiki ɗakuna su zauna babu kowa, banki kuwa ba ya tafiya yajin aiki. Ga kuɗin ruwan sha da na man janareta da na masu gadi. Idan ya haɗa wannan duka ya raba a kan yawan gadaje, hayar da za ta fito ta fi ƙarfin mafi yawan iyaye. Daga nan ɗayan biyu ne yake faruwa: ko dai ya ajiye aikin a matakin harsashi, ginin ya yi shekaru ƙarafa a tsaye ciyawa na cin sa, ko kuma ya gina ɗakuna na alfarma, kowane da banɗakinsa da na'urar sanyaya ɗaki, domin 'ya'yan masu hali waɗanda dama ba su ne ke kwana a ɗakin lacca ba.

Birtaniya ta bi wannan hanya fiye da kowace ƙasa da na sani, har kamfanonin gina gidajen ɗalibai suka zama manyan masu jari a kasuwar hannun jari. An gina ɗakuna masu yawa, babu musu, amma binciken da ƙungiyar Unipol mai kula da gidajen ɗalibai da cibiyar nazarin manufofin ilimi mai zurfi ta HEPI suka fitar a 2023 ya nuna cewa a birane goma da suka duba, kuɗin haya yana lamushe kusan dukan rancen ciyarwa da matsakaicin ɗalibi ke samu daga gwamnati. A Kenya, kamfanin Acorn ya sayar da takardun lamuni a 2019 ya tara fiye da shilin biliyan 4 domin gina gidajen ɗalibai a Nairobi, abin da ya tabbatar da cewa ana iya samun jari na dogon zango a nahiyar Afirka idan an tsara abin da kyau, sai dai shi ma irin wannan gini yana amfanar wanda zai iya biya ne. Afirka ta Kudu kuwa ta gwada wata dabarar, inda hukumar tallafin ɗalibai ta NSFAS ke biya wa 'ya'yan talakawa haya a gidajen 'yan kasuwa, amma da kuɗin suka yi mata yawa sai ta ƙayyade abin da za ta biya a 2023 zuwa rand dubu 45 a shekara, ɗalibai da dama suka wayi gari hayarsu ta fi tallafinsu, zanga-zanga ta ɓarke a jami'o'i. Darasin da na ɗauka daga waɗannan duka shi ne kasuwa tana iya ƙara yawan gadaje, amma ba ta saukar da su zuwa inda hannun talaka zai kai sai gwamnati ta sa nata kason, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wasu gwamnatocin kuma da abin ya ishe su sai suka juya ga rage ɗalibai. A watan Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu da za ta bai wa 'yan ƙasashen waje zuwa kimanin dubu 360 a wannan shekarar, ragin kusan kashi 35 cikin ɗari, kuma matsin gidaje na cikin dalilan da ta bayar. Ostireliya ma ta sanar da adadin dubu 270 na sababbin ɗalibai 'yan waje domin shekarar 2025. Waɗannan ƙasashe suna da wannan zaɓi saboda baƙi suke ragewa. Ƙasar da matasanta ke rububin gurbi, dubbai na cin jarrabawa suna komawa gida saboda babu wuri, ba ta da halin ta ce za ta magance ƙarancin gado ta hanyar rufe ƙofa, kuma ba abin da nake kira gare shi ke nan ba. Abin ɗauka a matakin nasu shi ne sun yarda, ko da a makare, cewa yawan ɗalibai da yawan matsuguni lissafi ɗaya ne.

Akwai ƙasashen da tun farko suka ɗauki makwancin ɗalibi a matsayin wani sashe na ilimin kansa. Faransa ta kafa hukumomin CROUS tun 1955, waɗanda a yau suke kula da ɗakuna fiye da dubu 170 a kan haya mai sauƙi, ana fifita ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi wajen rabo, ga kuma tallafin haya da ɗalibi ke iya nema ko da a gidan ɗan kasuwa yake zaune. Jamus tana da ƙungiyoyin jin daɗin ɗalibai na yankuna masu zaman kansu daga jami'o'i, waɗanda aikinsu ke nan ba wani ba, suna riƙe da ɗakuna kusan dubu 200, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta ware yuro miliyan 500 domin gina wa ɗalibai da masu koyon sana'a matsuguni. Ailan, wadda ta daɗe tana dogaro da 'yan kasuwa, ta sauya hanya a ƙarshen 2022 ta amince gwamnati ta sa kuɗinta kai tsaye a gina ɗakunan kwana a jami'o'in gwamnati, Holan kuma ta tsara ƙara ɗakuna dubu 60 kafin 2030. Ba zan ɓoye muku cewa su ma ba su kuɓuta ba. A Jamus har yanzu kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke samun irin wannan ɗaki, Faransa kuma ta yi alƙawarin ƙarin ɗakuna dubu 60 a wa'adin farko na Shugaba Macron, wa'adin ya ƙare ba a cika ba. Duk da haka akwai bambanci mai girma tsakaninsu da wasu, domin a can akwai hukumar da za a nuna da yatsa a ce ke ce kika gaza, akwai adadin da aka yi alƙawari, akwai kuma adadin da aka gina, kowa na iya kwatantawa.

Saboda haka roƙona na farko, wanda ba ya buƙatar ko sisin kwabo, shi ne a ɗaure adadin ɗauka da adadin gado a cikin ƙa'ida. Kafin a amince wa jami'a da yawan ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, ta gabatar da yawan gadajen da take da su masu amfani, ba waɗanda ke cikin ginin da rufinsa ya yaye ba, da yawan ɗakunan haya da ta tantance a kewayenta, da kuma shirin da take da shi na cike giɓin a cikin shekaru biyar. Jami'ar da ke son ƙarin ɗalibai ta nuna ƙarin makwanci. Sabuwar jami'a kuwa, musamman wadda aka kafa a bayan gari inda babu gidajen haya ko kaɗan, bai kamata a ba ta izinin buɗe ƙofa ba sai ta iya kwantar da dukan 'yan ajin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da muke yi ke nan kowace shekara, sai ɗalibai sun iso da akwatunansu sannan a kira taron gaggawa.

Game da kuɗi, na san amsar da za ku bayar, cewa baitulmali ba zai iya gina wa kowane ɗalibi ɗaki ba, kuma gaskiya ne. Amma abin da ke sa haya tsada shi ne tsadar rance da gajartar wa'adinsa, kuma nan ne gwamnati take da ƙarfin da ɗan kasuwa ba shi da shi. Fili dai jami'o'in gwamnati da yawa suna da shi har ya yi musu yawa. Asusun fansho na ma'aikata yana neman inda zai ajiye kuɗi na shekara ashirin ko talatin cikin aminci, ginin kwanan ɗalibai kuma abu ne da ba ya rasa mai shiga, abin da ya rage shi ne gwamnati ta tsaya a tsakiya ta lamunce, ta kuma yi alƙawarin ɗaukar asarar watannin da aka rufe makaranta ba da laifin mai gini ba. A Najeriya akwai asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da aka riƙa tarawa daga harajin ilimi a kan ribar kamfanoni, wanda aka ɗaga zuwa kashi 3 cikin ɗari a 2023, kuma duk ƙasar da ke da irin wannan asusu tana iya ware wani kaso tsayayye na shekara-shekara ya zama jarin farko da zai jawo na 'yan kasuwa. Sharaɗin kawai shi ne duk wanda ya ci moriyar filin gwamnati ko lamuninta, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa wani kaso na gadajen, rabi ko abin da ya yi kusa da haka, za a bayar da shi a kan hayar da aka ƙayyade, kuma ginin ya kasance mai sauƙi da ƙarko, ɗakin mutum biyu ko huɗu, da banɗaki na tarayya mai ruwa, da wurin karatu mai haske. A kuma wallafa yarjejeniyar kowa ya gani, domin an sha bayar da filin jami'a a asirce ga wanda ba shi da niyyar gini.

A nan dole in faɗi wata gaskiya da ɗalibaina ba sa son ji. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kashe tsofaffin gidajen kwana shi ne barin kuɗin gado a yadda yake shekara da shekaru saboda tsoron zanga-zanga, har ya zama abin da ake karɓa ba zai sayi kwan fitila da famfo ba, balle a yashe masai ko a sauya wayar wuta da ta tsufa. Arahar da ta wuce kima kuma ita ce ta haifar da cinikin gado, inda ɗalibin da ya yi sa'a ya samu, ko wanda ya san wani a ofis, yake sayar da gurbinsa ninki biyar ko goma ga wanda ya rasa, shi ya koma gidan iyayensa a cikin gari. Na kama irin wannan ciniki ba sau ɗaya ba, kuma a mafi yawan lokuta mai sayen ne talaka, mai sayarwar kuwa bai taɓa buƙatar gadon ba. Tallafin da aka yi niyyar ya isa ga mabuƙaci ya ƙare a aljihun wanda bai cancanta ba. Abin da ya fi adalci shi ne a sa kuɗin gado daidai da abin da kula da shi ke ci, a ajiye kuɗin a asusu na musamman da ba za a taɓa shi don biyan wata buƙatar jami'a ba, wakilan ɗalibai su riƙa ganin shigarsa da fitarsa, sannan a tallafa wa marasa ƙarfi kai tsaye da sunansu. Rabon gado kuma a daina barin sa ga saurin intanet, wanda gasa ce da mai babbar waya ke cinyewa. A fara da masu buƙata ta musamman, da 'yan ajin farko, da ɗalibai mata, da waɗanda suka zo daga nesa.

Ko da an yi duk wannan, mafi yawan ɗalibai za su ci gaba da zama a wajen makaranta na shekaru masu yawa, kuma wannan ne ɓangaren da manufofinku suka fi yin shiru a kansa, kamar dai ɗalibi yana fita daga ƙofar jami'a ya daina zama amanarku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A unguwannin da ke kewaye da jami'o'i, dillali yana karɓar kuɗin ganin ɗaki, ya karɓi la'ada, mai gida ya nemi hayar shekara guda a dunƙule, wani lokacin a karɓi kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya dillalin ya kashe waya. Ana yanka falo da katako a mayar da shi ɗaki uku, babu taga, ƙofar fita ɗaya ce, wayoyin wuta a tsirara. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibina da ya kwanta rashin lafiya a irin wannan gida, sai da na kunna fitilar waya da rana tsaka kafin in ga fuskarsa. Batun tsaro kuwa ya fi wannan muni, kuma ba a manta da abin da ya faru a watan Satumban 2023 ba, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya da ke wajen makaranta. Iyaye suna jin irin waɗannan labarai, kuma sakamakonsu shi ne yarinyar da ta rasa gado a cikin makaranta sau da yawa karatun ne gaba ɗaya take rasawa, domin mahaifinta ba zai bar ta a ɗakin haya a garin da ba shi da kowa ba. Duk manufar ƙarfafa ilimin mata da ba ta yi maganar inda za su kwana ba, ta bar babban rami a tsakiyarta.

Afirka ta Kudu ta fitar da ƙa'ida a 2015 wadda ta fayyace mafi ƙarancin abin da ɗakin ɗalibi zai kasance, har da faɗinsa, murabba'in mita 8 ga ɗakin mutum ɗaya, 14 ga na mutum biyu, tare da tsarin tantance gidajen haya na waje. Aiwatarwar ba ta rasa tangarɗa ba, amma ƙa'idar ta ba ɗalibi abin da zai riƙe ya kai ƙara. Kowace jami'a tana iya buɗe rajistar masu gidajen haya, ta tura jami'anta tare da na kashe gobara da na lafiya su duba, ta wallafa sunayen gidajen da suka cika sharaɗi da hayarsu, ta samar da takardar yarjejeniya guda ɗaya da kowa zai yi amfani da ita, da ofishin da zai saurari ƙorafi. Mai gidan da ya shiga rajista a saka masa da sassaucin haraji ko a ja masa ruwa da hanya. Inda gidaje masu sauƙi suke nesa, motocin jigila masu lokaci tsayayye har zuwa dare za su faɗaɗa wuraren da ɗalibi zai iya zama, kuma sayen mota ya fi gina bene sauri. Haka nan hukumomin ba da rancen karatu, irin NELFUND da ta fara aiki a Najeriya a 2024, ya kamata su lura cewa kuɗin ɗawainiya da ake biya wata-wata ba ya warware matsalar wanda mai gida ke nema wa hayar shekara a rana ɗaya, don haka a samar da hanyar biyan hayar kai tsaye ga gidan da aka tantance a farkon zango.

Mu malamai muna ganin tasirin wannan a aji kafin kowa. Ɗalibin da ke gyangyaɗi a laccar ƙarfe takwas ba lallai ne malalaci ba, wataƙila sai ƙarfe biyu na dare aka sami wurin shimfiɗa katifarsa. Wadda ke tashi kafin a gama darasin yamma tana gudun kada duhu ya same ta a hanya ne. Idan sakamako ya fito sai a rubuta cewa sun faɗi, a kira taro a kan lalacewar ilimi, a sake duba manhaja, alhali gwamnati ta riga ta kashe kuɗi mai yawa a kan malamin da ajin da laburaren da waɗannan ɗalibai ba su sami natsuwar amfana da su ba.

Ranku ya daɗe, ina roƙon kafin ku sa hannu a kan adadin ɗauka na zangon karatu mai zuwa, ku umarci kowace jami'a da ke ƙarƙashinku ta wallafa yawan ɗaliban da ta yi wa rajista, da yawan gadajenta masu amfani, da yawan mutanen da ke kwana a cikin ɗakunanta a zahiri, ƙirgar dare ba ta rajista ba. Ku kuma bayyana sunan ofishi guda a ma'aikatarku da za a riƙa tambaya a kan waɗannan alƙaluma kowace shekara. Idan ana buƙatar masu ƙirga, mu da muka riƙe makullan ɗakunan nan a shirye muke, kuma mun san lokacin da ya dace a shiga.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin jami'a, tsohon mai kula da gidan kwanan ɗalibai